ZAUREN MANHAJA: Darasi Kan Ƙofar da Kwamfuta Ke Fara Aiki Daga Gare Ta

GABATARWA

Duk wanda ya taɓa zuwa Sakatariyar Gwamnatin Tarayya da ke kan titin Shehu Shagari a Abuja, ya san abin da ke fara damun baƙo a wurin. Ga benaye, ga ofisoshi barkatai, kowanne da aikinsa, amma shi baƙo tambayarsa guda ce: ta ina zan fara? In da babu sananniyar ƙofa da mai nuna hanya, da sai ya wuni yana kai da kawowa da takardarsa a hannu, ma'aikata suna ciki a zaune, bukatarsa kuwa ba ta biya ba.

To, irin wannan tambaya ita ce ke gaban kwamfuta duk sa'ad da aka umarce ta ta buɗe wata manhaja. Manhaja dai ita ce jerin umarnin da ɗan'adam ya rubuta domin na'ura ta bi. Wata layukanta ba su wuce goma ba, wata kuwa sun kai miliyoyi. Ita kwamfuta ba ta da hankali, ba ta kintace, abin da aka gaya mata shi kaɗai take yi. Saboda haka tilas ne a nuna mata wurin farawa. A harsunan rubuta manhaja da yawa sunan wannan wuri main, kalmar Ingilishi ce mai nufin babba ko jigo.

Kada mai karatu ya ce wannan magana ta masana ce kurum. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB, mai hedkwata a Bwari cikin Yankin Babban Birnin Tarayya, ta mai da jarrabawarta ta shiga jami'a kan kwamfuta ɗungurungum. Rajistar lambar shaidar ɗan ƙasa da biyan albashin ma'aikata da aika kuɗi ta waya, duk a kan manhaja suke tafiya. A shekarar 2023 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT, da nufin horar da 'yan Nijeriya miliyan 3 a fannonin fasahar zamani. Duk yaron da ya zauna koyon rubuta manhaja da harshen C ko Java, tun ranar farko zai ci karo da wannan kalma. Da yawa sukan haddace ta su wuce ba tare da sun san amfaninta ba. Wannan darasi zai bayyana shi.

1. GIDA MAI ƊAKUNA DA YAWA

Marubuta manhaja ba su kan rubuta umarninsu reras daga sama har ƙasa kamar wasiƙa ba. Sukan karkasa aikin gida-gida, kowane kashi a raɗa masa suna, a ɗora masa aiki guda. A wannan darasi za mu riƙa kiran irin wannan kashi da sunan sashe. Mu ɗauki misalin manhajar lissafin albashi a wani ofishi. Akwai sashen da ke karanta sunayen ma'aikata, akwai mai lissafa abin da kowa zai samu bayan an cire haraji da kuɗin fansho, sa'an nan akwai mai rubuta rahoto.

Ƙa'idar sashe ita ce ba ya motsi da kansa. Sai an kira shi da sunansa ya tashi ya yi aikinsa, in ya gama ya koma ga wanda ya kira shi. To, a nan tambaya ta taso. In kowane sashe sai an kira shi, wa zai yi kiran farko? Mai karatu zai iya cewa a fara da wanda ke saman shafi. Amma babbar manhaja a warwatse take cikin fayiloli masu yawa, wani lokaci ɗaruruwa, waɗanda mutane dabam-dabam suka rubuta. Saman wane shafi ke nan? Har wa yau, yadda aka jera sassa a rubuce ba shi ne yadda za su yi aiki ba.

Maganin wannan matsala yarjejeniya ce. An amince cewa sashe guda za a keɓe, a ba shi suna main, kuma daga gare shi aiki zai fara ko a ina aka rubuta shi, ko a farkon fayil ko a ƙarshe. Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka wajen shekarar 1972, shi ne ya yaɗa wannan al'ada a duniya. A shekarar 1989 hukumar tsara ma'aunai ta Amurka ta rubuta ƙa'idojin harshen, ta tabbatar da wannan suna a ciki. Daga C ne harsuna irin su C++ da Java da Go suka gaji al'adar.

2. MISALIN ZAURE

Babu abin da ya fi kama da wannan sashe kamar zauren gidan Bahaushe. Komai yawan ɗakunan gida, baƙo ba ya haura katanga, ba ya leƙe ta taga. A zaure zai tsaya ya yi sallama. A nan mai gida zai karɓe shi, ya ji abin da ke tafe da shi, ya aika ciki a kawo ruwa, ya aika a kira wane. In bukata ta biya, a nan zauren dai za a sallame shi. Amma fa ba a girki a zaure, ba a daka, ba a wanki. Wurin karɓa ne da aikawa da sallama.

Baƙon da ke zuwa zauren manhaja shi ne abin da za mu kira uwar manhajoji, watau babbar manhajar da ke riƙe da ragamar na'ura duka, irin su Windows da Linux da Android. Sa'ad da mutum ya danna hoton wata manhaja a fuskar kwamfuta, ita uwar manhajoji ce ke ɗauko ta daga ma'ajiya, ta ba ta wuri a ƙwaƙwalwar na'ura, sa'an nan ta miƙa mata ragama ta wannan ƙofa.

Ga ƙaramar manhaja cikakkiya da harshen C:

#include <stdio.h>

int main(void)
{
    printf("Sannu da zuwa Abuja\n");
    return 0;
}

Layin farko yana jawo kayan aikin rubutu da aka riga aka tanada. Layi na biyu shi ne zauren. Abin da ke tsakanin bakan nan guda biyu shi ne umarnin da za a bi. Na farko ya ce a rubuta "Sannu da zuwa Abuja" a fuskar kwamfuta, na biyu ya ce a mayar da lamba 0. Ma'anar wannan sifiri tana nan tafe.

3. AYYUKA HUƊU NA WANNAN SASHE

Aiki na farko: nuna mafari. Wannan mun riga mun bayyana shi. Abin da za a ƙara shi ne, a harshen C sashe mai wannan suna guda ɗaya tak ake yarda da shi a manhaja. In babu shi ba za a iya haɗa manhajar ba, in kuwa biyu ne nan ma za a ƙi. Ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Aiki na biyu: karɓar saƙo. Baƙo ba ya zuwa hannu rabbana, yakan zo da bukata. Haka nan mai buɗe manhaja yana iya haɗa ta da saƙo. A ce sunan manhajarmu albashi, kuma sunayen ma'aikata na watan Mayu suna cikin fayil mai suna mayu.txt. Ma'aikaci zai rubuta wa kwamfuta haka:

albashi mayu.txt

Uwar manhajoji za ta tattara waɗannan kalmomi ta miƙa su ga main. A harshen C akwai mazubai biyu na karɓar su. Na farko, argc, yana riƙe da yawan kalmomin, a nan 2 ke nan. Na biyu, argv, yana riƙe da kalmomin su kansu a jere. Ƙidaya a wannan harshe daga 0 take farawa, saboda haka kalma ta 0 ita ce sunan manhajar, kalma ta 1 kuwa ita ce mayu.txt. Amfanin wannan tsari babba ne. Manhaja guda za ta yi aikin Mayu da Yuni da Yuli ba tare da an sāke rubuta ko layi ɗaya ba, sunan fayil kawai za a canja. A kwamfuta mai Windows ma, in mutum ya danna wata takarda ta buɗe, abin da ya faru a ɓoye shi ne an tashi manhajar da ta dace, an miƙa mata sunan takardar ta irin wannan hanya.

Aiki na uku: rarraba aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin main shi ne ya kira sauran sassa ɗaya bayan ɗaya bisa tsarin da ya kamata, ba ya yi aikin da kansa ba. Mai karatu ya dubi wannan:

int main(int argc, char *argv[])
{
    if (argc < 2) return 1;
    if (!karanta_sunaye(argv[1])) return 2;
    lissafa_albashi();
    rubuta_rahoto();
    return 0;
}

Ko wanda bai taɓa koyon harshen C ba zai iya bin zaren labarin. In ba a ba da sunan fayil ba, a tsaya a mayar da 1. In an kasa karanta sunaye, a tsaya a mayar da 2. In komai ya tafi daidai, a lissafa albashi, a rubuta rahoto, a mayar da 0. Su waɗannan sassa uku a wani wuri aka rubuta su, kowanne yana iya kai layi ɗari. Amma wanda ya karanta layukan nan biyar ya san abin da manhajar take yi daga farko har ƙarshe. Shi ya sa in aka ɗauki sabon ma'aikaci aka damƙa masa manhajar da wani ya rubuta, abin da yakan fara nema shi ne main.

Aiki na huɗu: sallama da ba da rahoto. A harshen C in main ya ƙare, manhaja ta ƙare. Amma kafin ta tafi takan bar wa uwar manhajoji lamba guda, wadda za mu kira lambar sallama. Bisa al'ada, 0 na nufin an gama lafiya, kowace lamba dabam kuwa na nufin an sami tangarɗa. A kwamfutoci masu Linux lambar takan kama daga 0 zuwa 255. Hikimar abin ita ce hanyar nasara guda ce, hanyoyin kasawa kuwa da yawa, don haka aka bar wa kasawa sauran lambobin, kowace ta nuna irin matsalar da aka samu.

Wannan lamba ƙarama ce, amma abin da ke rataye da ita ba ƙarami ba ne. A manyan ofisoshi akan jera manhajoji su yi aiki cikin dare ba mutum a wurin, ta biyu ba za ta tashi ba sai ta farko ta mayar da 0. A misali, a ce ta farko ta tarar da fayil ya lalace, rabin sunaye kaɗai ta karanta, amma marubucinta ya yi sakaci ya sa ta mayar da 0 ko ta halin ƙaƙa. Ta biyu za ta lissafa albashin rabin mutane, ta uku ta aika wa banki. Gari na wayewa sai a ga rabin ma'aikata ba albashi, alhali na'ura ta rubuta cewa komai ya tafi daidai. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka gaya mata ta faɗa. Laifin na ɗan aiken da ya dawo ya ce ya isar da saƙo ne, alhali ya yar da shi a hanya.

4. ABIN DA KE FARUWA KAFIN A ISO ZAURE

Kwamfuta ba ta jin Ingilishi, ba ta jin Hausa, ba ta ma jin harshen C. Lambobi kaɗai take ganewa, na 0 da 1. Saboda haka akwai wata manhaja, mu kira ta tafinta, mai juya rubutun ɗan'adam zuwa lambobin na'ura. Bayanta kuma akwai wata, mu kira ta maɗinki, mai harhaɗa guntayen su zama fayil guda. Shi maɗinki ne ke neman sunan main, shi ne kuma ke ƙin aiki in bai same shi ba. In ya gama ɗinkin, sai ya rubuta a goshin fayil ɗin adireshin da za a fara aiki daga gare shi.

Wani abin lura shi ne, wannan adireshi ba kai tsaye yake nuna main ba. Yana nuna wani ɗan guntun umarni ne da aka riga aka tanada, wanda a Linux ake kira _start. Aikinsa shi ne ya shirya wuri, ya jera saƙon da aka aiko, sa'an nan ya kira main. Kamar yaron gida ne da ke share zaure ya shimfiɗa tabarma kafin mai gida ya fito. In main ya gama, ta wannan hanya dai ake komawa, a rufe fayilolin da aka buɗe, a miƙa lambar sallama. Daga nan uwar manhajoji ta karɓe wurin da ta ara a ƙwaƙwalwa ta ba wani.

5. KOWANE TSUNTSU DA KUKAN GIDANSU

Ba duk harsuna ne ke rubuta ƙofarsu iri ɗaya ba, amma babu wanda ba shi da ita.

Java, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a shekarar 1995, ƙofarsa ita ce wadda ta fi wahal da ɗalibai:

public static void main(String[] args)

Kowace kalma a nan da dalilinta. Kalmar public na nufin a buɗe ƙofar take, na waje na iya kiranta. Kalmar static na nufin sashen a tsaye yake tun fil azal, ba sai an ƙera wani abu kafin a same shi ba. Wannan ya zama dole domin a lokacin da ake sallama ba a riga an ƙera komai ba. Kalmar void na nufin ba ya mayar da lamba kai tsaye, in ana son lambar sallama sai a bi ta umarnin System.exit. Ita kuwa args, mazubin saƙo ce, sai dai a Java kalma ta 0 ita ce saƙon farko, ba sunan manhajar ba. A shekarar 2025, a fitowa ta 25 ta wannan harshe, an sauƙaƙa wa masu koyo, har ƙaramar manhaja tana iya farawa da void main() kawai.

Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a shekarar 1991, ba ya tilasta a rubuta main. Daga saman fayil ɗin da aka buɗe yake farawa ya gangara. Duk da haka marubuta sukan sa wannan layi:

if __name__ == "__main__":

Ma'anarsa ita ce, in wannan fayil shi aka buɗe kai tsaye, a yi abin da ke ƙasa, in kuwa aro kayansa kawai wani fayil ya zo yi, kada a yi.

Tsofaffin harsuna ma da nasu tsarin. BASIC na shekarar 1964 kowane layi lamba gare shi, daga mafi ƙanƙantar lamba ake farawa. A wayoyin Android kuwa, marubuci ba ya rubuta main da kansa. A cikin wani fayil mai suna AndroidManifest yake bayyana shafin da za a fara nunawa in an taɓa hoton manhajar.

Akwai kuma ƙananan na'urori, irin waɗanda ke cikin mitar wuta ta kati da fitilun ba da hannu a kan titi. Akasari main nasu ba ya ƙarewa. Yakan shirya kayan aiki, sa'an nan ya shiga kewaye marar iyaka, yana dubawa yana amsawa dare da rana, kamar mai gadin da ba ya barin ƙofa, har sai an kashe wuta.

6. KURAKURAN DA YA KAMATA ƊALIBI YA GUJE WA

Na farko, kuskuren harafi. A C da Java da ƙaramin harafi ake rubuta main, a harshen C# kuwa da babba. Harafi guda ya isa ya hana manhaja tashi.

Na biyu, cusa komai a zaure. Ɗalibi yakan zuba layi ɗari biyar a cikin main domin ya ga ya fi sauƙi. Ran da kuskure ya ɓulla, nemansa sai ya zama neman allura cikin ruwa, kuma ba dama a gwada wani ɓangare shi kaɗai.

Na uku, amincewa da saƙo ba bincike. In manhaja ta nemi kalma ta 1 alhali ba a aiko da ita ba, tana iya rushewa. Shi ya sa a misalinmu na baya aka fara duba argc tukuna.

Na huɗu, mayar da 0 a kan aikin da bai kammala ba. Mun riga mun ga abin da wannan ke haifarwa.

7. JAN KUNNE GA JAMA'A BAKI ƊAYA

Ko wanda ba zai taɓa rubuta manhaja ba yana da rabo a wannan darasi. Galibi manhaja tana kwance ne a na'ura ba ta yin komai sai an buɗe ta. Amma da zarar an danna ta, an miƙa mata ragama ke nan, kuma za ta bi umarnin marubucinta, na kirki ne ko mugu. 'Yan damfara sun san haka. Shi ya sa sukan aiko da fayil ta WhatsApp ko ta wasiƙar intanet, su ce takardar neman tallafi ce ko ta ɗaukar aiki. Fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .apk a waya, ko .exe a kwamfuta, manhaja ce, ba takarda ba ce. Wanda ya buɗe ta bai san mafitarta ba, tamkar wanda ya shigar da baƙon dare har cikin gida ne bai tambayi sunansa ba. A sauke manhaja daga sanannun rumbuna kaɗai, kamar Play Store, ko daga shafin hukumar da abin ya shafa. Rigakafi ya fi magani.

ABUBUWAN TUNAWA

Kowace manhaja tana da wurin farawa guda, wanda aka yi yarjejeniya a kansa. A harsuna da yawa sunansa main. Ayyukansa huɗu ne: nuna mafari, karɓar saƙo, rarraba aiki ga sauran sassa, da mayar da lambar sallama. Nagartarsa ita ce ya zama gajere, a karanta shi a gane manhajar duka, kuma ya faɗi gaskiya game da yadda aiki ya ƙare.

TAMBAYOYI

1. Don me kwamfuta ba za ta fara aiki daga sashen da ke saman shafi kawai ba?
2. In aka rubuta albashi yuni.txt yuli.txt, nawa ne argc zai nuna? Mece ce kalma ta 2?
3. Mene ne bambancin lambar sallama 0 da sauran lambobi?
4. Bayyana dalilin da ya sa ake rubuta static a ƙofar Java.
5. Kawo na'ura guda a gidanku ko a unguwarku wadda kake ganin main nata ba ya ƙarewa, ka faɗi dalili.
6. Wani ya aiko maka fayil mai suna tallafi.apk ya ce takardar cikewa ce. Me za ka yi?